Gadon Reya a Lokacin Annoba: Tambayoyin da Masu Jinya ke Yawan Yi a Damagaram

Duk wanda ya taɓa kwana a kan tabarma a farfajiyar asibiti, yana jiran a fito a gaya masa halin da nasa yake ciki, ya san nauyin kalmar nan "babu wuri". Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma tambayoyin nan su ne na fi ji daga bakin ƴan uwa tun zamanin korona: wasu a bakin ƙofar ɗaki, wasu a wurin zaman makoki, wasu ta waya da tsakar dare. Na tara su a nan don kowa ya karanta tun yana cikin natsuwa, domin ranar da abin ya zo ba a iya karatu.

Mece ce reya, kuma da me ta bambanta da sauran ɗakunan asibiti?

Reya gajarta sunan sashen ne daga Faransanci, kamar yadda ma'aikata ke faɗa. A rediyo za ka ji ana cewa sashen kulawa ta musamman. Nan ake kwantar da wanda wata babbar gaɓa ta jikinsa ta gaza, huhu ko zuciya ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa, amma ana sa ran za ta farfaɗo idan aka tallafe ta na ƴan kwanaki. A ɗakin kwanciya na kullum ana zagayowa a duba mutum sau biyu ko uku a yini. A reya ido ba ya barin kansa, dare da rana.

Annoba ce ma ta haifi wannan sashe. A 1952 cutar shan inna ta mamaye birnin Kopanhagin na ƙasar Danmak, yara suna mutuwa saboda naman da ke jan numfashi ya shanye. Wani likitan sa barci mai suna Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa matsa jakar roba da hannu ana tura iska. Ɗaliban likitanci fiye da dubu suka yi ta karɓa-karɓa suna matsa jakar nan tsawon makonni, mace-mace suka ragu ƙwarai. A 1953 aka buɗe ɗakin farko na dindindin. Ina son labarin nan domin ya nuna tun daga tushe cewa hannun mutum ne jigon aikin.

Idan an ce gado ɗaya na reya, me ake ƙirgawa?

Ƙarfen gadon da katifarsa su ne mafi araha a cikin lissafin. Kafin a kira shi gadon reya sai an haɗa masa ma'aikacin jinya da ya ƙware, wanda ba ya riƙe fiye da majinyaci ɗaya ko biyu, da likitan da za a iya tasowa kowane lokaci, da iskar oksijin da ba ta yankewa, da na'urar da ke nuna bugun zuciya da hawan jini, da injin zuƙe majina, da magunguna, da ɗakin awon jini da ke aiki da dare. Sai wutar lantarki mai tsayawa, da gurup mai mai a ciki wanda zai tashi nan take idan kuran ya ɗauke. Sai ruwa. Mu mutanen Damagaram ba sai an gaya mana abin da ƙarancin ruwa yake nufi a watan Afrilu ba, kuma ɗakin da ba a wanke hannu a cikinsa kafin taɓa kowane majinyaci ya zama wurin raba cuta.

A cikin waɗannan duka, mutum ne ya fi wuyar samu. Ana iya sayo inji a sauke shi daga jirgi cikin mako guda, amma likitan reya sai ya gama karatun likita sannan ya ƙara shekara huɗu. Don a tsare gado ɗaya mai injin numfashi awa 24 kullum, tare da hutu da rashin lafiyar ma'aikata, ana bukatar ma'aikatan jinya wajen biyar. Ingila ta ga haka da idonta: a Afrilun 2020 ta mayar da wani katafaren zauren baje koli a Landan asibitin da aka tsara zai iya ɗaukar gado 4,000, amma a zangon farko na annobar mutum 54 kawai aka yi jinya a ciki, kuma ƙarancin ƙwararrun ma'aikata yana cikin dalilan.

Sun ce babu wuri, alhali da idona na hango gado babu kowa a kai. Ba wulaƙanci ba ne?

Na san zafin wannan, kuma ba zan ce ba a taɓa yi wa talaka wulaƙanci a asibiti ba. Sai dai yawanci abin da ka hango ƙarfe ne kawai. Wataƙila injin da ke kansa ya lalace ana jiran kayan gyara daga waje, ko iskar da ta rage ba za ta kai waɗanda ke kwance zuwa safiya ba idan aka ƙara mutum ɗaya, ko ma'aikata biyu ne kawai a bakin aiki a daren, ko an keɓe gadon ga wanda ke ɗakin tiyata a wannan lokacin. Shi ya sa adadin da ke rubuce a takarda yakan fi adadin da ke aiki a daren yau.

Abin da ya fi amfani shi ne ka nemi majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen, ko likitan da ke tsaron dare, ka tambaye shi cikin ladabi: "Dokta, in babu wuri a ciki, me za a iya yi masa a nan inda yake?" Sau da yawa amsar ita ce a sa masa iska a ɗakin gaggawa, kuma ga mafi yawan masu cutar numfashi wannan ne ainihin abin da suke bukata, kamar yadda ya zo a amsar da ta shafi iska da inji.

Yaya yawan gadajenmu yake idan aka kwatanta da na wasu ƙasashe?

A Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashen Afirka 43 gadajen reya ba su kai 5,000 ba, wato kimanin gado biyar ga kowane mutum miliyan ɗaya, kuma injinan numfashi masu aiki a asibitocin gwamnati na ƙasashe 41 ba su kai 2,000 ba. A lokacin Jamus tana da kusan gado 30 ga kowane mutum 100,000.

Jahar Damagaram ita ce ta fi kowace jaha yawan jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta ba ta sama da mutum miliyan uku da rabi, kuma an ƙaru sosai tun daga nan. Mai tsananin ciwo daga Tanut, Gure, Magarya, Matamai, Mirya, Dungas ko Tasker, idan ya fi ƙarfin asibitin gundumarsa, babban asibitin ƙasa na Damagaram ake nufa da shi. Ƙofa ɗaya ce ga jama'a mai yawan gaske.

Ta yaya annoba ke cika ɗakin cikin ƴan kwanaki?

Lissafin farko da ya fito daga Sin a Fabrairun 2020 ya nuna cewa a cikin masu korona ɗari, kusan 81 ciwonsu mai sauƙi ne, 14 ya yi tsanani, biyar kuma sun kai rai a hannun Allah. Biyar cikin ɗari kamar ba yawa. To amma ka ɗauki misali: mutum dubu suka kwanta a gari cikin mako biyu, hamsin ke nan za su nemi reya, wasu 140 kuma za su nemi iska.

Sannan mai cutar huhu ba ya tashi da wuri. Wanda aka yi wa tiyata yakan kwana ɗaya ko biyu a reya ya ba wani wuri, shi kuwa wanda ke kan injin numfashi yakan yi kwana goma, mako biyu, wani ma fiye. Gadon da ke riƙe mutum kwana goma, mutum uku kawai zai gani a wata. Yankin Lombardiya na Italiya, mai arziki da manyan asibitoci, yana da gadon reya wajen 720 kafin annobar, amma a Maris ɗin 2020 sai da aka kwantar da mutane a ɗakunan tiyata da baranda. Dalilin rufe makarantu da hana taro ke nan: a jinkirta yaɗuwar, don hamsin ɗin nan su zo a cikin wata uku maimakon mako biyu.

Ai korona ba ta yi mana ɓarna sosai ba. Me ya sa har yanzu ake wannan magana?

Gaskiya ne Allah Ya sassauta mana. An tabbatar da mutum na farko a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, aka rufe iyakokin ƙasa da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, aka killace Yamai, aka dakatar da sallar jam'i har zuwa tsakiyar Mayu. A ƙarshe waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk ƙasar ba su kai 10,000 ba, waɗanda aka rubuta sun rasu kuma ɗari uku ne da ƴan kai. Awon da aka yi kaɗan ne, don haka akwai waɗanda suka tafi ba a ƙirga su ba. Duk da haka ta taɓa mu: Mohamed Ben Omar, ministan ƙwadago, ɗan Tasker, da ita ya rasu ranar 3 ga Mayu 2020.

Babban abin da ya taimake mu shi ne ƙuruciya. Kusan rabin ƴan Nijar ba su wuce shekara 15 ba, ita kuwa korona tsofaffi ta fi kayarwa. Ba kowace annoba ke da wannan hali ba. Murar 1918 matasa majiya ƙarfi ta yi ta ɗauka. A nan gida ma, daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an samu mutum 559 da sanƙarau a jahar nan, 18 suka rasu, sannan a 2023 mashaƙo ya addabi yankin Matamai. Waɗannan cututtuka biyu yara da matasa suke kamawa, kuma mashaƙo maƙogwaro yake toshewa.

Sa wa mutum iska da sa shi a inji abu ɗaya ne?

A'a, kuma rikita su ya sa mutane da yawa gudun asibiti. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. Idan huhu ya kumbura ba ya iya tsamo abin da zai ishi jini daga wannan, sai a ƙara masa ta ƴar robar hanci ko abin rufe fuska. Mutum yana farke, yana magana, yana shan kununsa, shi ke numfashinsa da kansa. Inji kuwa sai numfashin ya gaza gaba ɗaya: a sa mutum barci, a zura bututu ta baki zuwa maƙogwaro, na'ura ta riƙa hura huhun. Na farko ana iya yin sa a asibitin gunduma, har da ƙaramar likitar karkara idan akwai kayan. Na biyu sai reya.

Iskar tana zuwa ta hanya uku. Akwai tukunyar ƙarfe da ake cikawa a kawo. Akwai ƙaramin injin da ke tace ta daga iskar ɗaki, mai ba da lita 5 ko 10 a minti, wanda ke tsayawa da zarar wuta ta ɗauke. Akwai kuma babbar masana'antar da ake ginawa a cikin asibiti, ta tura iska ta bututun bango ta kuma cika tukwane. Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe: babbar tukunya, mai tsayin kafaɗar mutum, tana ɗaukar kimanin lita 6,800. Mai tsananin ciwo da ke shan lita 10 a minti zai ƙarar da ita cikin awa 11. Mai shan lita 30, ko awa huɗu ba za ta kai shi ba. Majinyata ashirin a kan lita 10 za su cinye sama da tukunya 40 a kwana ɗaya. Wannan ne ya durƙusar da birnin Manaus na Barazil a Janairun 2021 da Delhi ta Indiya a Afrilun shekarar, inda mutane suka mutu a kan gado don iska ta ƙare.

Ra'ayina, kuma na daɗe a kansa: idan kuɗi kaɗan ne, a fara da iska da wutar hasken rana da na'urar awon iska a kowane asibitin gunduma, kafin a sayi ƙarin injin numfashi. Mutum uku ke neman iska a duk inda mutum ɗaya ke neman inji, kuma wanda ya samu iska da wuri a Gure sau da yawa ba ya bukatar gado a Damagaram. Bayan annoba ta wuce, wannan iskar ita za ta ceci jaririn da aka haifa bai cika ba da yaron da ciwon haƙarƙari ya kama.

An ce duk wanda ya shiga reya gawarsa ake fitarwa. Haka ne?

Ba haka ba ne, ko da yake na gane inda maganar ta samo asali. Wani bincike da aka wallafa a Mayun 2021, a kan masu korona sama da 3,000 da aka kai sashen kulawa ta musamman a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Nijar, ya gano cewa kusan 48 cikin ɗari sun rasu, alhali a duniya baki ɗaya adadin bai wuce 32 ba. Adadi ne mai nauyi. Amma ka lura, fiye da rabi sun rayu, kuma waɗannan mutane ne da ba don ɗakin ba da ƙyar su kai labari. Ɗakin yana karɓar waɗanda suka fi kowa jin jiki ne, da yawansu kuma an kawo su bayan an yi mako ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi a gida.

An kuma ƙara sani. A Yunin 2020 wani babban gwaji a Ingila ya nuna cewa deksametazon, magani mai araha da muke da shi tun da daɗewa, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan inji, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan iska. Ga wanda ba ya bukatar iska ba ya da amfani, yana ma iya cutarwa, don haka kada a saye shi wurin mai tallan magani a tasha. Kwantar da majinyaci rub da ciki shi ma yana buɗe bayan huhu, ba ya cin ko dala.

Yaushe ya kamata mu ɗauki mara lafiya mu tafi?

Idan babba ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko yana numfashi fiye da sau 30 a minti, ko ya fara ruɗewa, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashinsa sosai, ko leɓɓansa da harshensa sun canza launi, a tafi a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ga yaro, a ɗaga rigarsa a ƙirga: sau 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, ko yana suma.

Ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana da amfani ƙwarai. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Ƙasa da 90 gaggawa ce. Korona ta koya mana cewa mutum na iya zama yana hira alhali iskarsa ta faɗi ƙasa sosai. A sani dai, hannu mai sanyi da jan farce da baƙin lalle suna ruɗa ta, kuma a kan baƙar fata takan ɗan ƙara lamba. Idan na'ura ta ce lafiya, ido kuma ya ce ba lafiya, a bi ido.

Idan mutum biyu ne gado ɗaya, wa ake ba?

Babu tambayar da ta fi wannan hana ma'aikaci barci. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a duba wanda gadon zai fi canza makomarsa. Wanda zai iya warkewa da iska a ɗakin waje, a bar shi can. Wanda gaɓoɓinsa da yawa suka riga suka gaza, inji zai tsawaita wahalarsa ne kawai, sai a ba shi abin rage zafi da ƙuncin numfashi, a bar nasa kusa da shi su laƙƙana masa kalmar shahada. Gadon na wanda ke tsakiya ne. Wanda ya riga zuwa ba lallai shi ke samu ba, yawan shekaru kaɗai ma ba ya yanke hukunci.

Ya kamata a rubuta ƙa'idar nan tun kafin annoba, likita fiye da ɗaya su yanke, a kuma gaya wa iyali gaskiya da harshen da suke ji. Ina roƙon masu hali da masu sanayya: kiran wani babba don a matsa wa likita lamba yana nufin a sauke ɗan wani daga gadon. Ran ɗan mai tallan ruwa na Kara-Kara da na ɗan alhajin Birni ɗaya suke a wurin Wanda Ya halicce su.

Mu ɗauke shi zuwa Maraɗi, Yamai ko Kano mana?

Kada a yi sai likita ya yarda, kuma sai an kira can an tabbatar akwai wuri. Yamai kusan kilomita 900 ce, tafiyar fiye da awa goma sha biyu. Koma ga lissafin tukunya a amsar iska da inji: mai shan lita 10 zai ƙarar da babbar tukunya tun bai ga gari ba. Maraɗi da Kano sun fi kusa, kowace wajen kilomita 240, amma a annoba su ma cike suke, iyaka kuma tana iya kasancewa a rufe kamar a 2020. Ga kuma hadisin da malamanmu ke karantarwa, cewa idan annoba ta sauka a ƙasar da kuke kada ku fita don gudunta.

Za mu iya sayen tukunyar iska mu yi jinya a gida?

Iska magani ce mai ma'auni, sai da mai lura da lambar yatsa yana ƙarawa yana ragewa. Tana kuma sa wuta ta ci da ƙarfin da ba a zato: kaskon turare, garwashin shayi, sigari, ko man shafawa a bakin tukunya sun isa. A Afrilun 2021 tukunyar iska ta fashe a wani asibitin masu korona a Bagadaza, mutum fiye da 80 suka rasu. Sannan duk tukunyar da aka ɓoye a gida "ko da za a bukata", wani yana can yana haki babu ita.

Mata masu ciki da yara da waɗanda suka yi hatsari fa, ina za su a lokacin?

Annoba ba ta dakatar da haihuwa, ba ta hana kabu-kabu karo. Mace mai jijjigar haihuwa, wanda maciji ya sara, mai ciwon suga da ya suma, duk gadon nan suke nema, kuma sau da yawa su ne suka fi saurin tashi idan sun samu. Shi ya sa asibiti mai tsari ke raba ƙofa biyu, ya bar wasu gadaje ga waɗanda ba su da cutar. Cibiyar kula da uwa da yaro ta Damagaram ba ta rufewa don annoba, kuma tun 2006 doka ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, haka ma tiyatar haihuwa. Tsoron kamuwa kada ya sa a bar mace tana zubar da jini a ɗaki.

Mu a nan muna da namu cikar asibiti kowace shekara. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa, sashen yara na Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2005, yakan ɗauki ɗaruruwan yara a lokaci guda. Ana shirya masa tun kafin ruwa ya sauka: a ɗauki ƙarin ma'aikata, a horar da su, a kafa tantuna, a tanadi jini. Irin wannan shirin ne reyar manya take bukata.

An hana mu shiga. Me ya rage mana mu yi?

Dubiya ibada ce, kuma zama a waje alhali mahaifi yana ciki abu ne mai ciwo. Ana hanawa ne don kada ku ɗauki cutar ku kai gida, kada kuma ku shigo masa da wata alhali jikinsa ba ya da kariya. Ku zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya zama bakin iyali, ya bar lambarsa wurin majo, wayarsa da caji, ya san lokacin da likita ke fitowa bayani. Ya zo da duk takardun asibiti na baya da kwalayen magungunan da majinyaci ke sha, har da na gargajiya, kada a ɓoye. Idan an rubuta takardar magani a kawo da wuri, domin a reya awa ɗaya tana da yawa.

Sauran dangi, masu ƙarfi su je su ba da jini, ko ba nasu ne zai amfana ba. Ma'ajiyar jini takan bushe a lokacin annoba saboda mutane suna tsoron zuwa. Tsofaffin gida da masu suga ko hawan jini a raba musu ɗaki da wanda ke tari, a kai su rigakafi idan akwai. Idan kuna son ya ji muryarku, ku yi masa saƙon murya, da addu'a ko karatu, ku roƙi ma'aikaciyar da ke kansa ta kunna masa a kunne. Na sha yin hakan ga majinyata, wasunsu kuma bayan sun farka sun gaya mini muryar wa suka ji.